RTX 4080 Super ko RX 7900 XTX: yadda za ka zaɓi katin hoto idan a Ankara za ka kunna shi

Wani ƙanena da muke unguwa ɗaya a Nima, cikin Ankara babban birnin Gana, ya fi shekara yana tara kuɗi daga aikin ɗinki. Rannan bayan la'asar ya shigo shagona, inda nake haɗa kwamfutoci da gyara su, ya miƙo min waya da hotunan kwali biyu a ciki. Ya ce, "Yaya, kuɗin sun kusa cika. Wanne zan ɗauka?" Ɗaya GeForce RTX 4080 Super ne na kamfanin NVIDIA, ɗayan Radeon RX 7900 XTX na AMD, dukansu katin hoto ne, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoton da ake gani a allo. Na jawo masa benci. Ban ba shi amsa ba sai da aka kira magariba, domin tambayar da ya zo da ita ita ce ta ƙarshe, akwai wasu da dama a gabanta. Abin da muka bi a ranar shi zan shimfiɗa a nan, bi da bi.

Katunan nan biyu ƙarfinsu ya yi kusa da juna ƙwarai a wasannin da aka saba. Abin da ke raba su a wurinmu ba a rubuta shi a jikin kwali ba: allon da kake da shi, wutar gidanku, zafin ɗakinka, da wanda za ka je wa idan katin ya mutu.

Amma ga abin da ke jikin kwalin tukuna. RX 7900 XTX ya fito a Disamban 2022 a kan dala 999. Yana da memori gigabait 24, yana jan wuta har wat 355. RTX 4080 Super ya fito a ƙarshen Janairun 2024, shi ma a kan dala 999, da memori gigabait 16, iyakar wutarsa wat 320. Riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Mataki na farko: dubi allonka

Kafin ka yi maganar kati da kowa, juya bayan monitarka ka karanta lambarta, ko ka shiga saitin nuni na Windows. Abu biyu kake nema: yawan ɗigon hoto, da sau nawa allon ke sabunta hoto a sakan ɗaya.

Allon 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai yake nunawa. Na 1440p kusan miliyan 3.7. Na 4K ya haura miliyan 8. Katunan nan biyu an ƙera su ne domin 1440p mai sauri da kuma 4K. Idan allonka 1080p ne mai sabunta hoto sau 60 a sakan, ko katin ya zana hoto 200, 60 ɗin nan kaɗai idonka zai gani. Ka sayi ingarman doki ka ɗaure shi a soro ke nan. Wanda ke wannan hali, shawarata ya sauko zuwa kati matsakaici, ya sa ragowar kuɗin a allo mai kyau. Zai ga bambanci a daren farko, fiye da wanda kati mai tsada zai nuna masa.

Idan a talabijin ɗin falo za ka yi wasa, tabbatar tana da ramin HDMI 2.1, domin shi ke ɗaukar 4K sau 120 a sakan. Duka katunan suna da shi.

Mataki na biyu: rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa

Waɗanda kake bugawa da gaske nake nufi, ba waɗanda kake kallon bidiyonsu a YouTube ba. Da na sa ƙanena ya lissafa nasa, sai ga EA Sports FC, Call of Duty, GTA V da Fortnite, sannan ya ce yana burin Cyberpunk 2077. Huɗun farko kowanne daga cikin katunan zai gudu da su ba tare da gumi ba. Call of Duty ma an san shi da jituwa da katunan AMD, can XTX yakan sha gaba.

Na biyar ɗin shi ne inda hanya ta rabu. Akwai fasahar da ake kira bin sawun haske, wadda za ka gani a saitin wasa da haruffan RT. Maimakon mai ƙera wasa ya zana inuwa da ƙyalli da dabara, katin ne ke lissafa yadda haske ke fitowa daga fitila, ya bugi bango, ya koma kan ruwa ko gilashi. Aiki ne mai nauyi, kuma a nan NVIDIA ta yi wa AMD nisa a wannan zubin na katuna. A Cyberpunk 2077, Alan Wake 2 da Black Myth: Wukong, idan aka ƙure hasken nan, 4080 Super yana tafiya, XTX kuwa numfashinsa kan yanke. Kada ka ce ai kashe shi za ka yi har abada. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa tashi sam sai da kati mai wannan fasaha. XTX yana buga su, amma alama ce ta inda masu ƙera wasanni suka dosa.

Sai kuma dabarar ɗaga hoto. Katin yakan zana hoton a ƙarami, sannan ya cike shi ya kai girman allo, don a sami sauri. Ta NVIDIA sunanta DLSS, ta AMD FSR. A idona DLSS ta fi tsabta, musamman a kan ciyawa, gashi da wayoyin lantarki masu siriri, inda tsohuwar FSR kan yi ƙyalƙyali idan ana gudu. AMD ta gyara wannan sosai a FSR 4, amma da ta fitar da ita a Maris 2025 ta keɓe ta ga sabbin katunan RX 9000. Ingantaccen tsarin ɗaga hoto na DLSS 4 kuwa yana aiki a kan 4080 Super. Wannan ya ƙara wa katin NVIDIA daraja bayan an riga an saye shi.

Abu ɗaya da babu katin da zai gyara maka: jinkirin intanet. Sabobin yawancin wasannin nan suna Turai ne ko Afirka ta Kudu. Idan kana harbi abokin gaba ya riga ka, sau da yawa nisan hanya ne. Na ga matasa sun canza kati saboda wannan, matsalar tana nan inda suka bar ta.

Mataki na uku: wasa kaɗai, ko har da neman abinci?

Gigabait 24 ɗin XTX shi ne abin da ya fi jan hankalin masu saye, kuma ba ƙarya ba ne. Amma a wasa, 16 ya wadatar a kusan komai har a 4K. Memorin da wasa bai taɓa ba, ba ya ƙara maka sauri ko kaɗan. Inda 24 ke da amfani shi ne wurin mai loda wa wasa ƙarin zane masu nauyi, ko mai son gudanar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa.

Da yawa cikin yaranmu na Zango kwamfutar da suke wasa da ita da dare, ita suke tace bidiyon biki da suna da rana. Idan kana aiki da manhajojin zane da tace bidiyo irin su Blender, Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ko kana watsa wasanka kai tsaye ta OBS, NVIDIA ta fi sauƙin sha'ani. Yawancin manhajojin nan sun fi jituwa da CUDA, tsarinta na sa kati ya yi musu lissafi, kuma a Blender tazarar tana da faɗi. AMD tana da nata tsarin, ROCm, yana kuma aiki da XTX, sai dai yana buƙatar mai haƙurin saiti.

Mataki na huɗu: wuta

A nan nake daɗewa da kowane mai saye, domin a nan na fi ganin asara.

Fara da akwatin wutar kwamfutar, wanda muke kira fawa saflai. NVIDIA ta ce a ba 4080 Super wat 750, AMD ta ce a ba XTX wat 800. Ni 850 nake sa wa kowannensu, daga kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Gold. Katuna irin waɗannan sukan fizgi wuta fiye da iyakarsu na ɗan ƙiftawar ido, kuma akwati mai rauni ko dai ya kashe kwamfutar ana tsakar wasa, ko ya ƙone ya tafi da abin da ke maƙale da shi. Akwai akwatuna marasa suna a kasuwa da aka rubuta wa 850, amma idan ka ɗaga za ka ji su sakayau kamar gwangwanin madara. Araha ba ta ado. Kada ka jona katin da ka shekara kana tara wa kuɗi a irinsu.

Sai wayar da ke shiga katin. XTX yana amfani da tsohon soket mai haƙora 8, guda biyu ko uku gwargwadon kamfanin da ya haɗa shi. Kowane soket ka ba shi wayarsa daban tun daga akwatin wuta, kada ka yi amfani da waya ɗaya mai kai biyu. 4080 Super kuwa sabon soket ne mai haƙora 16. Wannan soket ya yi ƙaurin suna tun ƙarshen 2022, lokacin da aka riƙa samun rahoton narkewarsa a kan RTX 4090, babban yayan 4080, kuma NVIDIA ta ce yawanci rashin tura shi ne har ƙarshe. 4080 Super bai kai 4090 jan wuta ba, haɗarin ya ragu, amma ƙa'idar ba ta canza ba: tura shi sai ka ji ƙas, haska da tocila ka ga babu rata, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da bakin soket, bar mata kamar faɗin yatsu biyu a miƙe. Idan sabon akwatin wuta za ka saya, nemi mai alamar ATX 3.0 ko 3.1, yana zuwa da wayar kai tsaye ba sai da mahaɗi ba.

Yanzu wutar gari. Duk wanda ya zauna a Gana a shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2015, ya san ba ɗaukewar ce ta fi ɓarna ba, dawowar ce. Ni kaina na taɓa rasa madabod, wato babban faifan da komai na kwamfuta ke maƙale a kai, da akwatin wuta a dare ɗaya, wuta ta dawo da ƙarfi alhali na bar kwamfutar a jone. Tun ranar ba na barin kwamfutar da na haɗa ta fita shagona sai na ji abin da mai ita ya tanada. Ƙaramin UPS (akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta) mai 650VA da ake sa wa kwamfutar ofis ba zai ɗauki wannan ba, domin ainihin abin da yake bayarwa bai kai wat 400 ba, kwamfutarka kuwa tana iya kai 500 zuwa 600 idan wasa ya yi zafi. Nemi 1500VA zuwa sama, ka karanta wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, ba VA kaɗai ba, kuma ya kasance mai fitar da wuta tsabtatacciya, wato wanda aka rubuta wa pure sine wave. Ba don ka ci gaba da wasa ba ne, don ka sami minti biyar ka kashe komai cikin natsuwa. Ka kuma kira mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakinka yana da wayar ƙasa. A tsofaffin gidajen haya na Nima da Mamobi, inda aka yi ta ƙara ɗaki kan ɗaki, sau da yawa rami ukun yana nan amma na saman babu komai a bayansa.

Ga lissafin mita. Kwamfutar da ke jan wat 500, awa 5 kullum, yunit 75 ke nan a wata. Tsakanin katunan biyu bambancin da ke takarda wat 35 ne, wato yunit 5 da ɗan ɗori a wata. A zahiri yakan fi haka, domin 4080 Super sau da yawa ba ya kai iyakarsa a wasa, XTX kuwa yana zama kusa da tasa. Ga mutum ɗaya ba wani abu ba ne. Ga mai gidan wasa da ke kunna injuna shida daga safe zuwa dare a kan mitar biya-kafin-ka-sha ta ECG, kamfanin wutar Gana, kuɗi ne. Idan kuma mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta a gidan haya, faɗa musu tun kafin su gani da kansu. Haƙƙi ne, kuma zaman lafiya ya fi.

Mataki na biyar: awo da zafi

Ɗauki tef ɗin awo, buɗe kes ɗinka, wato gidan kwamfutar, auna daga bayansa zuwa fankokin gaba. Katin da NVIDIA ta haɗa da kanta milimita 304 ne, na AMD 287, amma yawancin waɗanda ke shigowa nan na ASUS, MSI, Gigabyte, Zotac, Sapphire, PowerColor ko XFX ne, kuma wasunsu sun haura 340. Auna faɗi ma, saboda wayar nan mai haƙora 16 tana buƙatar fili kafin murfin gefe.

Duk wat ɗin da kati ya ja, zafi yake komawa a ɗakinka. A watan Maris, ɗaki mai rufin kwano ba iyakwandishan, kati mai wat 355 za ka ji shi a jikinka. Kes mai raga a gaba nake ba da shawara, ba mai gilashi rufe ruf ba, fanka uku na shigo da iska, ɗaya ko biyu na fitarwa. Ɗora kwamfutar a tebur, kada ka ajiye ta a ƙasa.

Mataki na shida: farashi da garanti

Ba zan rubuta farashi da sidi ba, domin dala yake bi. Ga ma'aunin da ba ya tsufa. A 2025 an fitar da sabbin katuna, ga farashinsu na fitowa: RTX 5080 a kan dala 999, RTX 5070 Ti a kan 749, RX 9070 XT a kan 599, dukansu gigabait 16. 5070 Ti yana dab da 4080 Super a ƙarfi, 9070 XT kuwa bai yi nisa da XTX ba, ya ma fi shi a bin sawun haske. Saboda haka kafin ka biya, tambayi kuɗin waɗannan sababbi a ranar. Idan ana neman sayar maka da ɗan hannu a kuɗin sabon da ke kusa da shi, bar shi.

Yawancin 4080 Super da XTX da za ka gani yanzu a kasuwar Circle, ko a shafukan saye da sayarwa na Jiji da Tonaton, hom-yus ne, wato na hannu daga waje, ko wanda wani ya riƙo a jaka daga Amurka ko Dubai. Garantin kamfani yawanci yana bin ƙasar da aka sayi katin da rasit ɗin mai saye na farko. Garantinka na gaskiya shi ne wanda mai shago ya rubuta maka da hannunsa: wata nawa, lambar katin, da abin da zai yi idan ya lalace, canji ko mayar da kuɗi. Na gwammace kati mai ɗan rauni da garantin wata shida a shagon da na san ƙofarsa, da wanda ya fi shi ƙarfi daga hannun wanda lambar waya kaɗai na sani. Idan ɗan'uwa ne zai sayo maka daga waje, ya ajiye rasit, ya kuma kunna katin a can kafin ya taso.

Mataki na bakwai: gwaji kafin tura kuɗi ta MoMo

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko sidi ɗaya sai ka ga katin yana aiki a gabanka. An sha samun rahoton manyan katuna, musamman 4090, da aka cire musu ƙwaƙwalwa da memori aka mayar da murfi, a ido lafiya lau, ciki fanko. Je da filashi mai ɗauke da manhajojin gwaji GPU-Z, HWiNFO da FurMark, duka kyauta ne.

Fara da ido. Dubi sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Dubi haƙoran zinare na ƙasa ko akwai tsatsa ko kore-kore, domin iskar teku tana cin ƙarfe a unguwannin bakin ruwa. Haska cikin soket ɗin wuta, idan ka ga baƙi ko alamar narkewa, ciniki ya ƙare. Juya kowace fanka da yatsa ka ji ko tana gogawa. Lambar jikin kati ta dace da ta kwali.

Sannan a kunna. GPU-Z ya nuna sunan katin daidai da memorinsa, 16 ko 24. Saki FurMark minti 15 zuwa 20 kana kallon HWiNFO. Lamba biyu za ka sa wa ido: zafin katin gaba ɗaya, da wurin da ya fi zafi a ƙwaƙwalwarsa. A XTX wannan ya fi muhimmanci, domin a Janairun 2023 AMD ta amsa cewa wasu daga cikin katunan da ta haɗa da kanta sun fito da matsalar sanyaya, suna kai digiri 110 su rage gudu. Idan ka ga ya doshi 110, ko ratar lambobin biyu ta kai digiri 30, ajiye shi. Bayan haka a buga wasa na gaske minti goma. Ɗige-ɗige masu launi, layuka, ko allo ya yi baƙi ya dawo, duk alamun memori ne mai ciwo. Gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort. Mai shagon da ya san kayansa ba ya jin haushin wannan, kujera ma zai ba ka.

Tsoron cewa an yi haƙar kuɗin kirifto da katin bai kai na da ba, domin Ethereum, kuɗin kirifton da aka fi haƙa da su, ta daina amfani da katunan hoto a Satumban 2022, kafin duka biyun su fito.

Mataki na takwas: ɗaurawa

Idan daga NVIDIA za ka koma AMD ko akasin haka, goge tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da manhajar DDU kafin ka cire tsohon kati. Zare wuta daga bango. Sa katin a ramin sama na madabod, ɗaure sukurori, ka tokare ƙarshensa da madogari, domin nauyinsa kan sa ya sunkuya a hankali. Jona wayar allo a jikin katin, ba a madabod ba. Shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna Resizable BAR, wanda AMD ke kira Smart Access Memory. Sauke direba daga shafin kamfanin kawai. A ƙarshe koma saitin nuni na Windows ka ɗaga saurin allon zuwa iyakarsa, domin sau da yawa yana maƙalewa a 60.

To wanne? Idan kuɗinsu ɗaya ne ko kusa, 4080 Super nake ɗauka, saboda DLSS, hasken nan, ƙarancin wuta da zafi, da aikin bidiyo. Idan XTX ya fi araha da abin da zai saya maka UPS mai kyau, kuma wasanninka na harbi ne da ƙwallo, ko kana da aikin da ke cin gigabait 24, ɗauke shi da zuciya ɗaya.

Ƙanena XTX ya ɗauka, na Sapphire, a wani shago da ya rubuta masa garantin wata shida, ragowar kuɗin ya sa a UPS. Allonsa 1440p ne. Na ce masa idan hunturu ya shigo a Disamba ya kawo min kes ɗin duk bayan mako uku mu hure ƙurar, yana riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su.